Shingen awaki: wayar kusurwa da ake ɗaura wa baibai

[Hoto: shinge a kwance, awaki cikin gonar rogo]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon na san ya iso wayoyinku, don a nan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, da wuya a sami zauren WhatsApp ɗin da bai leƙa ba. Shinge sabo fil, waya sai ƙyalli take, ruwan farko ya sauka da dare, gari na wayewa shinge ya durƙusa, awaki kuma suna can cikin rogon maƙwabci suna karin kumallo. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce an yi wa siminti rowa. Wani ya ce wayar jabu ce. Wani ma cewa ya yi hannu aka sa wa mai gonar.

[A tsayar da hoton a kan kusurwa]

To mu tsaya a nan. Ku manta da awakin, ku dubi kusurwa. Ga turken kusurwa, ga turke na biyu kusa da shi, ga itacen da aka gicciya a tsakaninsu. Har nan aiki ya yi kyau. Yanzu ku bi wannan wayar da ta karkace da ido. Daga ina ta taso? Daga kan turken kusurwa. Ina ta sauka? Gindin turke na biyu. Ita ce ta kayar da shingen. Baibai aka ɗaura ta, kuma in kuka zagaya gonakin da ke hanyar Offinso ko ta Ejisu za ku ga mai wannan gonar ba shi kaɗai ba ne.

Za mu dawo kanta mu zauna sosai. Bari mu ruga da abin da ke gabanta tukuna.

[Hoto: ana jan igiya daga fila zuwa fila]

Iyaka da farko. Nemo filolin fulotinka, ka kira maƙwabci ya tsaya ya gani da idonsa kafin diga ta taɓa ƙasa. A nan yankin Ashanti yawancin filaye a hannun sarakunan gargajiya suke, in aro aka ba ka ko haya, gaya wa mai wurin cewa shinge za ka yi. Ja da baya kaɗan daga layin iyaka. Taku ɗaya da ka bari ba zai talauta ka ba, amma taku ɗaya da ka ci zai iya kai ka gaban sarki.

Fuloti mai ƙafa 70 a ƙafa 100, kewayensa ƙafa 340 ke nan. In ka jera turaku kowace ƙafa 10, kana neman guda 34, sai ƙarin na kusurwa da na ƙofa. Ja igiya, buga 'yan tsinke, shi ke nan. In kana so kusurwa ta miƙe daidai, auna ƙafa 3 a wannan gefe, ƙafa 4 a wancan, tsakaninsu ya ba ka ƙafa 5. Magina sun san wannan tun kafin a haife mu.

[Hoto: kasuwar katako, tarin itatuwa]

Sai itace. Wannan kasuwar katako ta Sokoban ce a Kumasi, inda aka mayar da masu katakon unguwar Anloga. Katakon itacen da ake kira wawa yana da araha da sauƙin aiki, amma ba a binne shi a ƙasa, gara da danshi za su gama da shi kana ji kana gani. Gora ma haka. Itacen tik (teak) ya fi, sai dai a kula: jan cikinsa ne gara ke shakka, farin bayan nan abincinta ne. Ƙaramin tik da aka sare tun bai ƙosa ba, yawancinsa fari ne. Don haka ka dubi bakin yankan, in jan ya yi faɗi ka saya, in ɗan ɗigo ne a tsakiya ka wuce. Wanda ke da hali ya nemi itacen da aka dafa da magani, ko turken kankare, ko ya tafi Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda, a yanka masa bututun ƙarfe a yi masa walda. Baƙin man mota da muke shafawa, ni dai ban ba shi amana ba. A fata yake tsayawa, ba ya shiga ciki, ga shi yana ɓata ƙasar da dabba ke kiwo a kai.

Turakun layi ba sai sun yi kauri ba, inci 3 zuwa 4 ya wadatar. Na kusurwa kuwa a nan ake kashe kuɗi: kauri inci 6 zuwa 8, tsawo ƙafa 8.

[Hoto: hannu yana girgiza turken layi, sannan na kusurwa]

Ga dalili. Turken layi ba ya ɗaukar wani nauyi. Waya tana jan sa dama, tana jan sa hagu, jan ya kashe juna, shi aikinsa kawai ya ɗaga ragar kada ta kwanta. Turken kusurwa ba shi da mai ja masa ta baya. Duk ƙarfin da aka ɗaure shingen da shi a wuyansa yake ƙarewa. Layin waya ɗaya da aka ja tamau zai iya kai nauyin kilo 100. Layi biyar, rabin tan ke nan, dare da rana, ba hutu. Ƙara da ragon da ke zuwa yana sosa jikinsa, da bunsurun da ke ɗora ƙafafun gaba yana leƙen abin da ba nasa ba.

Kuma ƙasarmu tana yaudara. Jar ƙasar Kumasi lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, diga ma tsalle take a kanta. Ka kafa turke a lokacin, ka girgiza, ko motsi. Sai damina ta kama daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan huta, ta dawo Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da ke sauka a garin nan a shekara ya kai kimanin milimita 1,400. Ƙasar da ta riƙe turke a Janairu ta yi laushi a Mayu, wayar kuwa ba ta sassauta ba. Shi ya sa shinge ke faɗuwa a ruwan farko, sai a ɗora wa ruwan laifi.

[Hoto: zane a ƙasa da tsinke, turaku biyu da itacen gicciye]

To ga inda ake ruɗewa. Hanya biyu ce ta ƙarfafa kusurwa, ɗaya da itace, ɗaya da waya, kuma karkatarsu kishiyar juna ce. Mutane suna ganin ɗaya, su kwaikwayi siffarta da kayan ɗayar.

Wanda ya taɓa kai rago kasuwa ya san da igiya ake jan sa, ba a tura shi da ita. In turi kake so, sanda za ka nema. Waya igiya ce, ja kawai ta iya. Itace shi ke tokarewa.

Hanya ta farko, tokara da itace. Kan turken kusurwa yana so ya sunkuya ya bi layin shinge, don can waya ke jan sa. Sai ka sa masa itace a gaba ya tare shi: kan itacen a jikin turke, gindinsa a ƙasa, ta ɓangaren da ake jan. Turke ya sunkuyo, itace ya ce ba ka isa ba. Daidai ne wannan.

Yanzu ɗauke itacen, ka sa waya a gurbinsa, daga kan turken kusurwa zuwa ƙasa ta wannan ɓangaren. Yaya, ɗan tura mana kan turken nan.

[Hoto na kusa: wayar tana saki]

Kun gani? Yana turawa, wayar tana yin lanƙwasa. Tazarar da ke tsakanin bakinta biyu raguwa take, don haka ba ta riƙe komai ba. Abin ma ya fi haka muni. Ranar da aka ɗaura ta an murɗe ta tamau, to wannan murɗin ina yake jan kan turken? Can dai inda shingen ke jan sa. Ka ɗauko mai taimako, ya koma bayan abokin gaba.

Wani zai ce, ai falwayar wutar lantarki ma daga sama ake ɗaura mata waya zuwa ƙasa. Gaskiya ne. Amma je ka duba ta ƙarshen layi a unguwarku. Wayar da ke riƙe ta baya take komawa, nesa da inda wayoyin wuta ke ja. In ka yi haka a gona zai yi aiki, sai dai wayar za ta faɗa cikin filin maƙwabci ko kan hanya, ta harɗe mai tafiya masallaci da asuba. Shi ya sa aka fito da dabarar turaku biyu, don a mayar da wannan riƙon cikin gida.

[Hoto: ana kwance wayar, ana sake ɗaura ta]

Ga yadda take. Wayar karkace tana tasowa daga gindin turken kusurwa, dab da ƙasa, ta hau zuwa kan turke na biyu. Gindin na kusurwa, kan na biyu. Zan sake faɗa don mai kallo yana wanke-wanke: ƙasa a kusurwa, sama a na biyu.

Ku bi ƙarfin da ido. Shinge ya ja kan turken kusurwa. Turken ya tura itacen gicciye. Itacen ya tura kan turke na biyu. Kan turke na biyu yana so ya tafi, sai ya tarar an ɗaure shi da gindin turken kusurwa, wurin da ya fi ko'ina ƙarfi a duk shingen, don ƙafa uku da rabi na itace na binne a ƙarƙashinsa. Iya yadda shinge ya ja, iya yadda wayar ke ƙara tamkewa. Yaya, sake turawa. Ƙara ƙarfi mana, ba ka karya ba ne?

[Hoto na kusa: yatsa ya fizgi wayar, ta yi ƙara]

Ji ƙararta. Wannan shi ne gwajin, kuma ba ya buƙatar injiniya. Sa wani ya tura kan turken kusurwa ya nufi layin shinge, kai kuma ka ɗora yatsa a kan wayar. In ta ƙara tauri, daidai take. In ta saki, kwance ta tun ba a rataya raga ba.

Saura tsawon itacen gicciye, kuma nan ma ana yin ƙwauron da ke jawo asara. Za ka ga an sa ɗan guntu mai ƙafa 4 don a tsimi katako. Matsalar ita ce, wayar karkace ba gefe kawai take jan gindin turken kusurwa ba, tana kuma ɗaga shi sama. In itacen gajere ne, wayar ta miƙe tsaye sosai, sai ɗagawar ta fi yawa, a hankali turken ya riƙa fitowa daga rami. Ka zo bayan damina ka ga alamar ƙasa a jikinsa ta hau inci biyu sama da inda ka bar ta. In itacen dogo ne, wayar ta kwanta, ɗagawar ta ragu. Ƙa'idar masu aikin: tsawon itacen gicciye ya ninka tsayin shinge sau biyu, ko biyu da rabi. Shinge mai ƙafa 4, itace ƙafa 8 zuwa 10. Ni a ganina gara ka rage turakun layi biyu ka sayi wannan itacen cikakke.

[Hoto: ana huda turke, ana buga guntun rodi]

Wurin zamansa, sama-sama, kamar kashi uku cikin huɗu na tsayin turken daga ƙasa. Kada a dogara da ƙusa ta gefe, tana zarewa. Huda turken ka buga guntun rodi ya shige cikin bakin itacen, nan da can. A turke na biyu ka bar rodin ya leƙo inci ɗaya ta baya, a kansa wayar za ta rataya. A gindin turken kusurwa kuma ka buga ƙusa mai baki biyu ta bayansa don kada wayar ta zame sama.

Zagaya waya mara ƙaya sau biyu, haɗa bakin, sannan ka zura ɗan sanda mai ƙwari a tsakiya ka fara murɗawa. Kalli hannun Baba kafinta a nan. Ba ya sauri. Rabin juyi, ya dubi kan turke, rabin juyi, ya sake dubawa. Yana jiran lokacin da turke na biyu zai matse itacen gicciye har ba ya juyawa da hannu. Da ya kai nan sai ya tsaya, ya jingina sandan a jikin itacen gicciye ya ɗaure shi. Kada ka sake shi haka kawai, in ya warware da ƙarfi zai iya fasa maka baki. Sannu da aiki, Baba.

Kuma kusurwa fuska biyu gare ta. Shinge na jan ta gabas, yana jan ta kudu. Kowace fuska da nata turke na biyun, da nata itacen, da tata wayar. Turaku uku ke nan a kowace kusurwa. Bakin ƙofa ma ƙarshen layi ne, kowane gefe sai an yi masa.

Wanda ya zaɓi tokara da itace, hanya ce mai kyau kuma ta fi araha, amma sharuɗɗanta biyu. Itacen ya yi tsawo, ƙafa 8 ko fi, ya kama turken wajen rabin tsayinsa ko sama kaɗan, a cikin ɗan gurbin da aka sassaƙa. Gindinsa kuma ya taka faffaɗan dutse ko bulon kankare da aka binne a ƙasa mai tauri. In ka soka shi a ƙasa tsirara, damina na zuwa zai nutse.

[Hoto: rami, ana dandaƙa ƙasa da ƙarfe]

Ramin kusurwa ƙafa 3 zuwa 3 da rabi. Na sani, a jar ƙasar nan wahala ce, zuba ruwa ka bar shi ya kwana ka ci gaba da safe. Zuba tsakuwa a ƙasan ramin. Mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan, inci huɗu, a dandaƙa, inci huɗu, a dandaƙa. Dandaƙar ƙasan ramin ta fi ta sama muhimmanci, kuma ita ce yara 'yan aiki ke tsallakewa in ka juya baya.

Masu cewa siminti ne maganin komai, ku yi haƙuri. Kankare na taimakon bututun ƙarfe. Itace kuwa, in ka zuba masa kankare har ƙarƙashinsa, ka yi masa kwano, ruwa ya taru ya ruɓar da shi daidai bakin ƙasa. In za ka sa, bar gindin a kan tsakuwa, ka yi wa saman kankaren gangare ruwa ya riƙa zurarewa. Kuma ko buhu nawa ka zuba, in wayar karkace baibai take, turke da kankarensa za su kishingiɗa tare.

[Hoto: ana warware raga a ƙasa]

Sauran aikin mu yi shi a guje, hoto zai faɗi abin da ban faɗa ba. Tsayin ƙafa 4 ya ishi gajerun awakinmu na kudu da tumaki. Ramukan raga su zama inci 4 a inci 4. In sun kai inci 6, akuya mai ƙaho za ta zura kai ta kasa fitarwa, ta wuni a rana tana kuka. Raga ta ɓangaren dabbobi ake sa ta, don in sun jingina su danna ta a jikin turke. Ƙasanta ya taɓa ƙasa, ɗan akuya ba ya raina kafa. In irin ragar nan ce mai saƙar lu'ulu'u da ake kewaye makarantu da ita, ba ta da ƙashin kanta, sai an ja mata waya sama, tsakiya da ƙasa an ɗaure ta a jiki.

Wurin ja, matse bakin ragar tsakanin katako biyu, ka ja gaba ɗaya da sarƙa. A kusurwa a zagaya kowane layi a jikin turke a naɗe shi a kan kansa. A turakun layi kuma kada a buga ƙusar ta nutse, a bar waya tana ɗan motsi.

Waya mai ƙaya zalla ba ta tsare akuya, sai dai ta yage mata hantsa da fata. Layi ɗaya a can sama ba laifi. Ko zai hana ɓarawo? To, in Babbar Sallah ta matso, ragunan da aka sauko da su daga Burkina da Nijar suna tsada, wanda ya yi niyya da almakashin waya yake zuwa. Wannan aikin ɗakin kwana mai kwaɗo ne da kare mai haushi. Shinge dai zai raba ka da rigimar maƙwabta da ta masu kama dabbobin da ke yawo a titi.

A nan hotonmu ya yi ƙaranci, don haka ku saurara da kunne. Mai haƙuri zai iya dasa sandunan gilirisidiya, itacen nan da manoman koko ke yi wa shukarsu inuwa da shi, tsakanin turakun layi a farkon damina. Sanda ce kawai ake sokawa ta yi saiwa. Kafin turakun layi su gaji ta zama bishiya, ganyenta kuma abincin awaki ne. Sai dai a dasa ta ta wajen raga, in ba haka ba za su bare ta tun ba ta tsaya ba. Kusurwa kuwa ba a ba ta wannan aikin.

[Hoto: ƙyauren katako yana jan ƙasa]

Na ƙarshe, ƙyaure, don ruɗanin nan ɗaya ne. Nauyin ƙyaure yana jan bakin da ake kullewa zuwa ƙasa. In da katako za ka karkata, ya taso daga ƙasa ta wajen hinji ya hau zuwa sama ta wajen sakata, yana tallafe shi. In da waya ce, daga sama ta wajen hinji ta sauka ƙasa ta wajen sakata, tana rataye da shi. Ƙyauren ya buɗe zuwa ciki, don in dabbobi suka danno su ƙara rufe shi. Sakata kuma ta waje, can inda leɓen akuya ba ya kaiwa, don ta iya zare ƙugiya fiye da yadda kake zato.

Bayan ruwa biyu ko uku na farko, zagaya kusurwoyin nan huɗu da ƙarfen dandaƙa. Ƙasar ramin za ta ɗan zauna, ƙara mata ka dandaƙa. Fizgi kowace wayar karkace, wadda ta yi sanyi a ƙara mata juyi ɗaya a mayar da sandan wurinsa.